Ragon da Malam Bai Yanka Ba

Duk wanda ya tashi a layin bayan kasuwar Tudun Wada a waɗancan shekarun ya ci ƙosan Inna Talatu, ko ya tuna ko bai tuna ba. Gajeruwar mace ce mai ƙafa guda da ke kumbura in ta daɗe a tsaye, kuma kullum a tsayen take. Kirista ce 'yar Wusasa, Bahaushiya gaba da baya, abin da ya daɗe yana ɗaure wa matan layin kai, don su a saninsu in an ce Kirista to baƙo ne daga kudu. Aure ne ya kawo ta. Mijinta Barnaba kafinta ne, ya kama haya a gidan da ke jikin na Malam Muntaka, ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi wa mutane ƙofa da benci, sannan ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar ta da ɗa guda da kaskon suya.

Farkon zuwanta ba mai cin abin hannunta. Ba faɗa, ba zagi. A gaisa da ita lafiya lau, in ta aika da abinci a karɓa hannu bibbiyu a yi godiya, da yamma kuma ta hangi kajin gidan suna tsattsagarsa a gindin katanga. Ta ga wannan ya fi a ƙirga, ba ta taɓa nuna ta gani ba. A zumuntar mata ta cocinsu an koya mata cewa maƙwabci shi ne duk wanda Ubangiji ya ajiye maka a bayan bango, ba wanda ka zaɓa ba, ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske fiye da yadda masu koyarwar suka zata. Matan layin suna cikin kulle, ita tana fita, sai ta zama ƙafarsu. Ita ce rakiyar mai naƙuda asibiti in maigida ba ya gari, ita ce karanta katin magani, ita ce bin layin kananzir. Kada a ɗauka waliyyiya ce. Tana da mita kamar me, tana tafiya aiken mutane tana gunaguni cewa ba wanda ya haife ta don wannan, amma dai tana tafiyar.

A shekararsu ta biyar Barnaba ya sayi akuyar Kirsimeti, ya shiga zauren Malam Muntaka ya durƙusa, ya roƙe shi ya zo ya yanka musu. Malam ya tashi ya ɗauko wuƙarsa. Ya sa aka kwantar da akuyar ta fuskanci alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya yanka, ya wanke hannu ya koma wajen ɗalibansa. Washegari Talatu ta kai shinkafa da miya cikin gidan, Hajo matar Malam ta buɗe kwanon ta sa hannu ta ci a gabanta. Talatu ta dawo ɗaki ta yi kuka, har Barnaba ya zaci zaginta aka yi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace jajibirin Kirsimeti Malam zai zo da wuƙarsa, ko bayan mutuwar Barnaba bai fasa ba, washegari kuma kwano bakwai su shiga gida bakwai. Da fari akan tambaya wa ya yanka, ta ce Malam ne. A hankali tambayar ta mutu. Aka fara sayen ƙosanta, aka fara aiko mata da naman layya. Talatu ba ta da gida nata, ba ta da gona, ba ta da zinari ko na ɗan kunne. Abin da ta tara a shekara ashirin da biyu a Tudun Wada shi ne wannan: in ta miƙa kwano ba a tambayarta.

Sai shekarar kuɗin Udoji ta zo, aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi har da na watannin baya, gari ya rikice. Masinjan da jiya yake tafiya a ƙasa ya wayi gari da babur, rediyo na kuka a kowane shago. Mai ƙosai dai ba wanda ya yi mata Udoji, sai wake da man gyaɗa da suka yi tashin da ba su sake saukowa ba. Babban ɗan Malam ya biya wa ubansa kujerar Makka, Babbar Salla kuwa ta faɗo saura kwana goma sha biyu Kirsimeti, ga shi ba a fara kwaso alhazan Zariya ba. Malam bai manta ba. Kafin ya tafi ya kira Isiyaku mahauci ya damƙa masa yankan Talatu, Isiyaku ya ce ai wannan ba komai ba ne.

Ɗanta Istifanus akawu ne a Kaduna, shi ma Udoji ta same shi. Ana saura kwana biyu ya sauka daga a-kori-kura da rago, fari tas mai ƙaho murɗaɗɗe, irin wanda layin bai taɓa gani ya shiga gidan haya ba. Maza suka tsaya suna shafa bayansa, mata suka leƙo ta kan katanga. Talatu ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba, ko da yake da yake ɗan fari ne ba ta iya yabonsa a gabansa, ko sunansa ma ba ta kamawa. Ta dai ce ragon ya yi girma, ina za a sami itacen dafa shi.

Ranar jajibiri Isiyaku ya ce da hantsi yana nan tafe. Hantsi ya wuce. Shekarar kowa na da abin yanka, biki a nan, suna a can, mahauci ya zama kamar likita. Talatu ta ɗauki bokitin tattasai da tumatir ta tafi inji, ta tarar da layi har bakin titi, ba ta dawo ba sai bayan azahar, ƙafar nan ta yi suntum. Tana shiga tsakar gida ta ga ragon a rataye an feɗe shi, fatar a shimfiɗe, Istifanus na wanke wuƙar girkinta a bakin rariya. Ta tambaya ko Isiyaku ya zo ya tafi, alhali ta riga ta san amsar. Ya ce ya gaji da jira.

Ta ajiye bokitin ta zauna a kan turmi. Shi kuwa maganar da ya daɗe yana haɗiyewa ta fito. Ya ce tun yana yaro yake kallon ubansa na durƙuso don a halatta masa akuyar da ya saya da guminsa, kamar hannunsu ƙazanta ne. Ya ce ya yi addu'a kafin ya yanka, Allahn dai ai ɗaya ne. Ya ce sauran 'yan hayar duk sun yi tafiya, ba idon da ya gani, mahauta kuma nawa ne a garin nan da za a ce sai Isiyaku.

"Inna, ban ce ki yi ƙarya ba. Ki kai musu ki yi shiru kawai. Yaushe rabon da wani ya tambaye ki?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yaron bai faɗi ƙarya ba. Ita ma ta gaji. Ta gaji da taka-tsantsan, da ware tukunya, da tauna kowace magana kafin ta furta, da zama baƙuwa a garin da aka binne kakanninta. Ga nama ya fi na kowace shekara, ga shiru ba ya cin ko kwabo. Ta daɗe tana kallon ƙudajen da suka fara taruwa a kan fatar, sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"In na miƙa wa Hajo kwano ban ce komai ba, na riga na ce mata yankan Musulmi ne. Abin da shiruna yake nufi ke nan a layin nan. Ni na koya musu haka."

Ya ce to ta zauna tana bauta wa mutanen da ko rana ɗaya ba su taɓa taka ƙofar cocinta ba. Ta tashi ta koma kasuwa da ɗan abin da ya rage a bakin zanenta, ta sayo busasshen kifi, ta ɗauko tukunyar da naman bai taɓa ba.

Ranar Kirsimeti ragon ya tafi Wusasa cikin daro biyu, aka raba wa gwaurayen zumunta da marasa lafiya. Da aka tashi daga sujada a coci ta dawo ta jera kwanonin nan bakwai, shinkafa da miyar kifi, ta ɗauka da kanta gida gida. Duk layin an ga ragon, ba yadda za a yi kifi ya shiga ba bayani, don haka a kowace tsakar gida sai ta durƙusa ta faɗa: Malam ba ya nan, Isiyaku bai samu zuwa ba, ɗanta ne ya yanka, shi ya sa ba ta kawo ba, wannan kuwa kifi ne kuma tukunyarsa dabam. Sau bakwai ta maimaita, kowanne ya fi na baya nauyi a baki. Hajo ta karɓa ta ce Allah ya maimaita mana, ba ta ƙara ko kalma ba, Talatu ta fito ba ta san me ke ranta ba.

Da a ce duniya na biyan gaskiya nan take, da labarin ya ƙare a nan da daɗi. Ba ta biya. Yelwa, matar wani dillalin kekuna a ƙarshen layin, ita ta fara cewa in bana ɗan ya yanka, wa ya san abin da ake yi da wuƙar gidan sauran watannin, kuma wace wuƙa ke yanka albasar ƙosai. Maganar ba ta da ƙafa amma ta zaga. Mutanen da shekara da shekaru ba su tuna Talatu Kirista ba ce suka tuna. Istifanus ya koma Kaduna washegarin Kirsimeti ko sallamar kirki bai yi ba. Ita kuma ta riƙa zama gaban kasko har rana ta take, rabin ƙullun na nan, ta kwashe ta shiga gida. Ta yi addu'a ta tambaya ko wauta ta yi, ba ta ji an ce mata komai ba, sai ta tashi ta tafi karɓo wa maƙwabciyarta maganin tari, don an aiko tun safe.

Malam Muntaka ya sauka a tsakiyar Janairu da tarin da ya kwaso a hanya. Da aka ba shi labari ya ce matar nan ba ta yi laifi ba, kuma a wajen malamai maganar yankan ta fi yadda mutanen gari suka ɗauka faɗi. A zaure ya faɗa, a gaban mutum huɗu ko biyar, maganar ba ta kai tsakar gidajen da ake buƙatarta ba. Wasu suka dawo sayen ƙosai, wasu ba su dawo ba. Da damina ta sauka Malam ya rasu. Talatu ta yi kwana bakwai tana wanke-wanke a gidan makokin, ba ta taɓa tukunyar abincin sadaka ba, don kada wani ya ƙi ci saboda ita.

Kirsimeti ta zagayo. Istifanus ya aiko da saƙon aiki ya riƙe shi. Ta sayi ɗan bunsuru ramamme, ta je ta tsaya a kan Isiyaku a mahauta har ya biyo ta, ta sa ya yi yankan a ƙofar gida inda kowa zai gani. Washegari ta sake jera kwano bakwai. Yanzu ba ta jira a tambaye ta, tun daga bakin ƙofa take cewa Isiyaku ne ya yanka, jiya da hantsi, a gaban su wane da wane. Jin kanta tana wannan bayanin ya fi ciwon ƙafar gajiyar da ita, don haka ta yi shekara goma sha takwas da suka wuce, lokacin tana baƙuwa a layin.

Gidan Malam ne na huɗu. Hajo ta fita takaba, ta rame, tana zaune a bakin ɗakinta tana tsintar shinkafa. Talatu ta durƙusa ta ajiye kwano, ta fara: "Isiyaku ne ya..."

"Tsaya," in ji Hajo. "Na tambaye ki?"

Hajo ta dube ta ta ci gaba:

"Bara kin tako da wannan ƙafar taki kin faɗa mini abin da har in mutu ba zan sani ba. Ranar da bai kamata in ci ba, ke za ki faɗa mini. In kin yi shiru, ci zan yi. Kada ki ƙara kawo mini sunan mai yanka."

Ta ture faifan shinkafar gefe, ta buɗe kwanon, ta yi bisimilla, ta ɗauki tsoka guda ta kai baki. Ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Talatu ta ce idonta ne ya fara ba ta matsala, ta zame daga durƙuson ta zauna a kan tabarma, ta miƙe kumburarriyar ƙafar, zamanta na farko tun asuba. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta zauna har Hajo ta cinye, ta karɓi kwanonta.

A gida saura kwano uku suna jira, na ƙarshen layi, ciki har da na Yelwa, kuma ta san sarai kaji ne za su ci. Ta ɗora su a faranti, ta gyara gammo, ta fita.