Inna da Mai Kan Duma

Ni ne ɗan farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. A gida ɗaya muke a Shinkafi, amma kakata ce ta rene ni, idan kuwa na durƙusa gaishe da Inna sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Da ƙanwata ta yi wayo sai ta zama 'yar aikenmu. Ina tsaye a gabanta Inna za ta ce, "Ki ce ma wancan ga tuwo nan." A haka na girma, na yi aure, na sami aikin koyar da kwamfuta a Kaura Namoda. Ban taɓa jin haushinta ba, kunya ce, haka kowa ya tarar. Amma ina so ƙwarai, ko sau ɗaya ne, ta zauna ta yi hira da ni yadda take yi da ƙanwata.

Sai ga korona. Aka rufe makarantarmu, ɗalibai suka watse, majalisarmu ta wajen mai shayi ta tashi. Matata tana Zurmi gidan iyayenta tana wankan jego. Ana cikin haka zazzaɓi da tari suka kama ni, ma'aikatan lafiya suka ce in killace kaina. Zazzaɓin ya tafi, tsoro ya zauna, don ba zan kwashi abin da ban sani ba in kai wa tsohuwa ko jariri. Ni da surutu ne sana'ata, sai ga shi ina wuni ban ce uffan ba in ban da karatun salla. Abinci ya fita raina, barci ya ƙaurace mini. Idan na kira gida, Inna ba ta karɓar waya, daga nesa nake jiyo ta tana cewa, "Ki ce mai Allah shi sawwaƙe."

Sashenmu yana da wasu tabarau guda biyu da muke koyar da ɗalibai da su, kuma ni aka ba ajiyarsu. Wani ɗan akwati ne da ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido ruf, sai mutum ya ga kansa a wani wuri dabam. Idan wani na nesa ya saka nasa sai ku haɗu a can, kowa da siffarsa ta zane, ku yi magana, ku ɗaga wa juna hannu. Wata rana gajiya da zama ta sa na saka ɗaya. Na faɗa cikin wasu mutane na ƙasashe dabam-dabam sun kewaye wuta, kowa a kulle a gidansa kamar ni, ana ta zuba. Na yi dariya har da buga ƙafa. Ina cirewa wata dabara ta faɗo mini, na miƙe zumbur.

Na goge ɗayan tas da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na naɗe shi a tsumma, na ba wani direban motar hatsi mai zuwa Shinkafi. Na ce saƙon ƙanwata ne, amma Allah ya san wadda nake hari.

Ta waya na koya wa ƙanwata yadda za ta haɗa shi da intanet ɗin wayarta. Bayan la'asar, lokacin da sabis ya fi kyau, muka haɗu a wani lambu mai rafi da itatuwa. Ta fasa ihu, ta yi ta dariya tana juyi. Sai na jiyo muryar Inna a kusa da ita.

"Ke, lahiyarki? Da wa kika magana kina lalaben iska?"

"Da Yaya, Inna. Zo ki gani!"

Daga baya ƙanwata ta ba ni labari cewa sai da Inna ta tuɓe takalma ta gyara mayafi kafin ta yarda a ɗaura mata, wai ba a shiga wurin mutane haka kawai. Ni dai abin da na ji shi ne, "Salamu alaikum." Na amsa mata.

Siffar tawa ba abin nunawa ba ce: kai ƙwal, babu gashi, babu ƙafafu, tana reto a iska. Na ga kan siffar Inna yana juyawa, ta dubi rafi, ta dubi sama, sannan ta tsaya cak a kaina. Ba ta kau da kai ba. Sai ta tuntsire da dariya.

"Wanga mi na? Kai kamar duma! Kai bawan Allah, wa yac cinye maka ƙahwahu?"

Ƙanwata ta ce, "Inna, Yaya na hwa."

"Ni ban ga yayanki ba. Mai kan duma nig gani." Sai ta ƙara da cewa, "Kai mai kan duma, an ce ba ka cin abinci. Gaskiya na?"

Da ƙyar na ce, "Ina ci, Inna."

"Ƙarya kaka yi, na ji ga muryakka."

Wayyo daɗi! Uwata ta ce mini maƙaryaci, ni da kaina, babu ɗan aike. Da muka rabu na yi ta tsalle a tsakar ɗaki, malami guda da gemunsa. Na ɗora dafa-duka na cinye tukunyar kaf, na kira matata ina ba ta labari ina haki, har ta ce in yi a hankali kada in tashi jaririn ta cikin waya.

Daga nan kullum bayan la'asar muna lambu. Ashe Inna gwanar labari ce, kuma ga tsokana. Ta gaya wa mai kan duma yadda ta haifi wani yaro a Badarawa da tsakiyar damina, gero ya fi mutum tsawo, yaron ga kuka ga manyan kunnuwa. Ta ce lokacin da yake koyon tafiya a bayan rumbu take laɓewa tana leƙensa, idan ya faɗi sai ta ciji leɓe don kada a ji ta. Ni kuwa in ce, "To, daga nan sai yaron ya yi me?" Ba zan ce abin ba shi da wahala ba. Yana sa ni jiri, sabis yakan yanke ana tsakiyar magana, kuma idan na cire shi ɗakin yakan yi mini shiru fiye da da. Amma barcina ya dawo, na koma cin abinci, har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko baƙi na yi.

Da aka sassauta doka aka sa ranar komawa makaranta, dole in mayar da tabaraun duka biyu. Na biya Zurmi na duba ɗana, sannan na wuce Shinkafi da nawa a jaka, ina ta murna, a zatona komai ya canza. Na shiga da sallama, na durƙusa, na gaishe ta. Inna ta kau da kai.

"Ki ce ma wancan sannu da hanya."

Na fita na zauna a zaure, raina babu daɗi. Can sai ga ƙanwata tana ƙunshe dariya.

"Yaya, Inna ta ce ka sa naka."

Na ciro shi daga jaka na ɗaura. Ga ta nan a bakin rafi tana jirana. Bango ɗaya ne tsakaninmu, har ina jin muryarta sau biyu, ta cikin tabarau da ta tsakar gida.

"Mai kan duma, an ce za a amshe ka."

"I, Inna. Kayan makaranta na."

Sannan ta ce, "To, ni ma in aike ka. Ka hwaɗa ma wancan da yash shigo ɗazu, na dube shi da wutsiyar ido. Ya rame, wuyanai duk ya hito. Kuma ka ce mai, tun randa anka haihe shi ban taɓa kwana ban yi mai addu'a ba."

Hawaye suka cika gilashin, na daina ganin rafin da ita kanta. Na ce, "Zan hwaɗa mai, Inna."