Amin ɗin da na yi wa labari

Jiya a titin Fordham Road na ga wani Bamisire mai sayar da abinci yana karanta ƙaramin littafi, sai na tuna da Baba, aminin mahaifina, kunya ta sake rufe ni sabuwa.

A Alƙahira Baba ya yi karatu, amma a nan ƙasar Turawa gadi yake yi. Wata Lahadi na kai masa tuwo ɗakinsa a unguwar Morris Heights. Ɗakin na ƙamshin shayi da kanumfari. Na tarar yana karanta Larabci a bayyane, muryarsa na rawa. Nan take na cire takalmi, na gyara mayafi, na durƙusa, na ɗaga tafukan hannu. Duk inda ya numfasa sai in ce amin.

Da ya kai ƙarshe ya leƙo ni ta saman tabarau.

"'Yata, me kike wa amin?"

"Ba addu'a ba ce, Baba?"

"Gajeren labari ne. Wani likitan Masar ne ya ajiye aikin asibiti ya koma rubuta rayuwar talakawa. Wannan kan wata tsohuwa ce da ta wuni a ƙofar asibiti, ba wanda ya tambayi sunanta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara sauke hannuna.

"A'a, bar shi a sama," in ji shi. "Irinta suna da yawa, kuma suna buƙata."

Baba, yau kai nake ɗaga wa hannun. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya kira ka da sunanka cikin bayinsa na gari.