Ranar da Bakina Ya Tsayar da Jirgi

Ko da zan manta da duk tafiye-tafiyen da na yi a kan ruwan nan namu, ban da ta ranar da aka so a sauke ni a tsakiyar tafki saboda maganar da ban ma san na yi ba.

Ina koyar da Turanci a Yelwa a lokacin. Aka aiko mini cewa ciwon sukarin Inna ya tashi a ƙauyenmu na ƙetaren tafki, maganinta kuma ya ƙare. Na sayi maganin, na bi mota zuwa Wara ranar kasuwa, domin ranar ce kaɗai jirgi ke zuwa wajenmu. Wanda ya rasa shi sai wata kasuwar. Satin nan kuwa ban samu barcin kirki ba, ina shirya ɗalibaina za su gasar harhaɗa kalmomi, muna ta haddace irin kalmomin da Bature kansa sai ya duba ƙamus. Cikinsu har da wata wai ita somnilokwi, da 'yan'uwanta masu tsawo irin nata, duk ma'anarsu magana cikin barci. Ni da nake yi wa yara bayaninsu da alfahari, ban taɓa sanin ina cikin masu yi ba.

Akwai wani wuri a hanyar da tsohon gari yake kwance a ƙarƙashin ruwa tun da aka yi madatsar ruwa, da maƙabartarsa da komai. Al'adar masu jirgi ce in an zo nan kowa ya kama bakinsa har a wuce. Direba zai rage wuta, mai rediyo ya kashe, mai jariri ta sa masa nono. Na san wannan tun ina yaro. Amma rana ta take, ga iska, ga ƙugin inji, na jingina da buhun shinkafa, shi ke nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Ruwa mai sanyi ne ya farkar da ni. Na buɗe ido na ga fuskoki a kaina, wani dattijo yana tofa mini addu'a, inji shiru, jirgi yana ta lilo a wuri ɗaya. Na ce, "Lafiya? Mun iso?"

Waɗanda ke kusa da ni duk sun ja jiki, har da mai awakin da muka raba goro da shi ɗazu. Direba ya nuna ni da sifana ya ce, "Kai malam, da wa kaka magana? Muna shiga wurin ga kab buɗe baki kana wani yare da ba na mutane ba, injina yam mutu."

Na rantse ban ce komai ba. Jirgi ya ɗauka gaba ɗaya, wai kowa ya ji. Wani saurayi ya kwaikwayi abin da na faɗa, sai na ji kalmomin gasar nan ne a bakinsa, sun karkace. Na ce ai Turanci ne, ma'anarsa ma magana cikin barci. Nan na ƙara ɓata lamarin. Mai awaki ya ce, "To kun ji! Shina barci, shina faɗin sunan abin da shika yi. Wa ag gaya mishi barci shika yi?"

Wallahi ni kaina tambayar ta ɗaure mini kai. Har na fara tunanin ko dai suna da gaskiya.

Direba ya yanke hukunci: a tuƙa da filafili zuwa wata tungar masunta da muke hange, a ajiye ni, in ya so inji ya tashi. Na ɗaga ledar magani ina roƙo, ina cewa uwata ce kwance. Tsoro ya riga ya toshe kunnuwansu. Ban taɓa jin rashin gata irin na wannan lokacin ba.

Sai wata tsohuwa mai tallan busasshen kifi, wadda ke zaune dab da kaina, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ku dakata. Ni ak kusa da bakinai. Tsakanin yaren nan, na ji shina cewa, Inna ki jira ni, ga ni nan tahe. Ku gaya min, wane aljani na ka kiran uwatai?"

Dattijon nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi ba ta lahiya." Wasu suka ce amin. Direba ya yi ƙwafa, ya ɗago injin, sai ga tsohuwar raga ta nannaɗe farfela. Ya yanke ta, ya ja igiya, inji ya tashi, muka kama hanya, ba wanda ya ƙara kallona.

Da muka sauka, na ɗaukar wa tsohuwar kwandonta har tudu. Na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, don Allah, da gaske na kira Inna?"

Ta karɓi kwandonta ta aza a ka, ta ce, "Ɗana, ina nis sani? Ni ma barci nika yi. Yi maza ka kai mata maganinta."

Na kai kafin magariba, Inna ta sha, ta kuma rayu shekaru bayan haka. Tsohuwar ban sake ganinta ba, har yau kuma ban san abin da bakina ya faɗa a kan ruwan nan ba. Abin da na koya dai shi ne, in jama'a suka taru a kan mutum ɗaya cikin tsoro, ba hujja suke jira ba. Wanda zai tuna musu cewa shi ma ɗan wata ne suke jira.