Ramin Ƙofar Gidan Yaya Ayuba

Duk wanda ya san Yaya Ayuba ya san akwai reza a cikin hularsa, kuma ba ta aski ba ce, don shi da gemunsa ba su taɓa saɓawa ba. Ta yankan reshen fulawa ce. In ya shiga gidan biki, sai ya gama duba shuke-shuken tsakar gida kafin ya nemi ango. In gaisuwar rasuwa ya je, zai zauna ya yi ta tsakani da Allah, har da hawaye, amma ido ɗaya na kan katanga. Yana fitowa sai ka ga aljihun rigarsa ya yi toho.

Ni Barnaba, katanga ce kawai ta raba gidana da nasa a Hanwa, tun da ya bar aikin jirgin ƙasa ya taso daga Sabon Gari. Na yi wa mutumin nan dariya iya ƙarfina. Da za a maido mini shekarun nan, da na rage dariya na ƙara tambaya, don sai da ya kusa tafiya na gane abin da yake nema.

Wata rana na raka shi Samaru gai da wani ɗan'uwansu a gidajen ma'aikata. Muna tafe sai na ga babu shi. Na waiwaya, ga shi can jikin shingen wani gida, hula a hannu, reza na aiki. Mai gadi ya taso a guje.

"Kai Baba! Me kake yi a nan?"

"Aski nake mata, ɗana. Ba ka ga ta yi suma ba?"

"To, gashin kuma ina za ka da shi?"

"Haba! Wanzamin kirki ya taɓa bar maka gashi a tsakar gida? Ai kwashewa yake yi."

Mai gadin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ƙarshenta shi da kansa ya ja shi bayan gida, wai akwai wata can ita ma tana son aski.

Saye kuwa bai taɓa yi ba. Masu sayar da fulawa na bakin titin Kwangila sun san shi sarai. Zai tsaya ya tambayi sunan kowace, daga ina aka kawo ta, rana take so ko inuwa, sannan ya yi godiya ya wuce. Ɗayansu ya taɓa ce masa, "Baba, yau ma tambaya ce, ko za a yi ciniki?" Ya ce, "Ka taɓa jin an sayi maƙwabci? Fulawa zama za ku yi tare, sai ka san halinta tukuna."

To, maganar rami. Makon da ya tare a gidan, ya haƙa rami daidai gefen ƙofa, zurfinsa ya kai gwiwa. Ya ce mini bayan gida da gefen katanga kowace fulawa na iya zama, amma ƙofar gida guda ɗaya tak take so, wadda idon baƙo zai fara sauka a kanta. "In ka cika ƙofa da iri-iri, Barnaba, kamar mawaƙan coci ne kowa ya kama tasa waƙar. Wa za ka ji?" Na ce gaskiya ne. Na ɗauka kafin damina ta wuce zai dasa abinsa.

Ina! Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, rami na nan baki buɗe. 'Ya'yansa suka yi girma suna tsallaka shi. Kaji suka mai da shi wurin wanka. Fastonmu na lokacin ya taɓa zurma ƙafa a ciki, ya fito yana ɗingishi yana cewa, "Dattijo Ayuba, wannan ramin na zaki ne ko na fulawa?" Yaya ya ce, "Na fulawa ne, Fasto, mai shi ce ba ta iso ba."

Ashe jarrabawa yake ba su. Duk reshen da ya yanko sai ya raine shi a tsohon gwangwanin madara ko fasasshen bokiti, in ya kama ya yi ganye, sai a shiga aji. Jarrabawa uku ce, in ji shi. Biyu na gani da idona, ta ukun ya ƙi faɗa mini. In na matsa sai ya ce, "Kai dai riƙe akuyarka da kyau."

Don ta farko akuyata ce. Ina da wata ja mai baƙin ci, shi ya raɗa mata suna Alƙaliya. Da sassafe sai in ji sallama ta kan katanga: "Barnaba, Alƙaliya ta karya kumallo?" In na ce a'a, sai ya ce, "Yauwa, kawo ta, akwai shari'a." A ɗaure ta kusa da gwangwanin, mu koma gindin mangwaro mu zuba ido. Hujjarsa ita ce ƙofar gida a unguwarmu hanyar awaki ce, duk abin da akuya ke so ba zai kwana biyu ba. Akwai wata fulawa mai ja, mai ƙamshi kamar turare, da ya yanko a gidan wani likita, ya yi wata da watanni yana tarairayarta. Alƙaliya ta shinshina, ta dube mu, ta haɗiye ta har da ƙaya. Yaya ya cire hula ya share gumi ya ce, "Ta faɗi. Kyau ne da ita, amma ba ta da tsaro."

Sau ɗaya shari'a ta juye. Alƙaliya ta ɗanɗani wani ganye da ya kawo daga Zabi, ta kwanta tana nishi, ciki ya kumbura. Na ce, "Yaya, in akuyar nan ta mutu, ni da kai sai gaban dattawan coci." Washegari sai ga shi da kwanon dusa, ya yi sallama, ya wuce ni ya nufi turke. Na ce, "Ni ba za a gaishe ni ba?" Ya ce, "Kai ne ka yi ciwo a bakin aiki?" Ya tsuguna yana mata sannu. Ta tashi kuwa, amma daga ranar in ta hango hularsa sai ta ja igiya.

Jarrabawa ta biyu ƙishirwa ce. Daga bayan Kirsimeti har ruwan farko ya sauka, wadda ta tsallake Alƙaliya ba ta ganin ko ɗigo. Ya ce rijiyoyinmu kan ja baya da bazara, kuma shi ba zai hana iyalinsa ruwan wanka don ganye ba. Wadda ba ta iya zafin Zariya ba ta koma inda ta fito. Zai zauna yana kallon su suna yaushi, yana ba su baki: "Ki daure, 'yar nan, saura kaɗan." Wata shekara ya ga wata mai faɗin ganye ta yi shar, sauran duk sun langaɓe. Ya yi murna har ya kira ni. Da ya tura yatsa cikin ƙasar sai ya ji danshi, ga kuma ƙanshin sabulun wanke-wanke. Tabɗi! Ya miƙe yana huci.

"Satar amsa! Barnaba, an ba ta satar amsa! Kai ne?"

"Ni da ko akuyata da ƙyar nake shayarwa?"

Ya tsare 'ya'yansa, kowa ya rantse. Ya tambayi matarsa, Maman Talatu, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ni ina ruwana da ciyayinka?" Aka kori fulawar daga aji, aka mai da ita bayan bayi. Ba mu gano ɓarawon ba, kuma abin ya sake faruwa ba sau ɗaya ba.

Maman Talatu kuwa kun san ta, shugabar zumuntar mata ce da ba ta ɓoye magana. Duk fulawar da ya ɗauko ya nuna mata, tambayarta ɗaya ce: "Ana miya da ita?" In ya ce a'a, sai ta ce, "To, Baban Talatu, ka ba ni ramin nan in sa zogale, mu huta." Shi kuma ya maida gwangwaninsa bayan gida kamar wanda aka hana aure.

Lokacin da aka zo neman auren Talatu, yaron ya ji labarin surukinsa, sai ya yi dabara: ya sayo wata 'yar bishiya mai kama da kwakwa a tukunya mai fenti, ya kawo gaisuwa. Yaya ya yi godiya sosai, sannan ya leƙo ta katanga: "Barnaba, akwai shari'a." A lokacin Alƙaliya ta tsufa, 'yarta ce ta gaji kujerar. A gaban yaron da kawunnansa ta yi wa bishiyar nan aski tas. Yaro ya yi zuru-zuru, yana ganin aure ya lalace. Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kwantar da hankalinka. Kai ka ci, ita ce ta faɗi." Ranar biki sai da aka rufe ramin da faifan katako don kada 'yan rawa su karye.

Ana nan wata rana ya dawo daga Bomo da wani guntun abu a aljihu. Ya ce a gidan wata tsohuwa ya samo, sunan fulawar kariya. Na dube ta na ce, "Yaya, wannan ai rogo ne ya yi fushi." Gindi ƙato kamar tulu, rassa gajeru kamar yatsu, ganye ɗan kaɗan. Akuya ta shinshina ta kau da kai. Ashe ruwan jikinta guba ne, shi ya sa ma ya ɗora bokitin a kan bulo inda jikoki ba sa kaiwa. Ƙishirwa kuwa ko a jikinta, ganyen ta zubar ta yi zamanta. Shekaru tana nan a bayan gida, ba fure ba labari.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, hular nan ta koma rataye a ƙusa. Cikin tsakiyar bazara ne, zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa, komai ya bushe. Na shiga duba shi da hantsi, an shimfiɗa masa tabarma a barandar da ke kallon bayan gida. Maman Talatu ta zagayo da kofin kunu, sai ta tsaya cak. Kariyar nan, ba ganye ko ɗaya, ta rufe kanta da furanni, bakinsu ja, cikinsu fari-fari. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Kai, Baban Talatu. Wannan kam ta yi kyau."

Ya zuba mata ido yana jira. Ni ma ina jiran maganar miya. Ba ta zo ba. Ta ajiye kunu ta koma ɗaki.

Ya kamo hannuna ya ce: "Ka ji? Ba ta tambaya ba. Ta ukun ke nan, Barnaba. Ita za ta riƙa wucewa ta ƙofar nan safe da yamma, ba ni ba. Ɗauko fartanya."

Ni na dasa ta, shi yana kan kujera a bakin ƙofa yana ba da umarni kamar shugaban tashar jirgi. A zuba yashi a ƙasa don kada ruwa ya kwanta mata. A bar gindin a waje, don shi ne adonta. A juya ta ta fuskanci hanya. Da na gama ya ce, "Ka karkata ta, amma haka nan, ai kai ma a karkace kake." Bai ga damina ta biyu ba bayan wannan.

Bayan an share makoki, na tarar da Maman Talatu a ƙofa tana tsince busassun furanni. Tambayar da ta daɗe tana cina ta fito. Na ce, "Matar Yaya, don Allah, duk shekarun nan babu wadda ta taɓa burge ki sai wannan?"

Ta yi dariya, ta goge ido da bakin zane. Ta ce, "Barnaba, kai ma da wauta kake. Wa kake tsammani ke zuba musu ruwan wanke-wanke? Akwai wata mai ja da akuyarka ta cinye, kwana na yi ina jin haushinku. Amma mutumin da ya bar aiki, in na ce ta yi kyau ya cike raminsa, me zai tashe shi da safe? Na bar shi ya yi ta nema. Da na ga jikin ya ƙi, na ce bari in sallame shi, kada ya tafi ya bar rami a buɗe."

Kariyar na nan, kun gan ta, bana ma ta yi fure. Roƙona gare ku biyu ne. In kun ga tsoho na wani abin da ya yi muku kama da shirme, ku zauna ku tambaye shi tun yana iya amsawa. Sannan masu wucewa kuna tausaya mata kuna zuba mata ruwa, don Allah ku bari, ruɓewa za ta yi. Mai son reshe ya yi sallama, rezar na wurin Maman Talatu, cikin hular.

Ubangiji ya ba Yaya Ayuba hutawa a inda ba ƙishirwa, ya ƙara wa Maman Talatu lafiya da ƙarfin zuciya. In akwai lambu a can, ya Allah, ka sa masu gadinsa su yi haƙuri da shi. Amin.