Bawa da Kusar Jirgin Feshi

Sa'adatu, matar ƙanena, ita ta fara ba ni labarin Bawa, don babanta ne. Mutumin garin Cake ne, mai gyaran amalanke da moto a Tasawa. Duk ƙarfen da tsatsa ta ci, wuta yake sa mashi, ya saki.

Shekarar da fara ta sauka gero yana cikin ƙosawa, sai aka aiko ƙaramin jirgin feshi. Da ya sauka, makanikinsa Sirajo ya zo buɗe murfin inji don gyaran da ya zama dole kafin a tashi feshi, kusa guda mai murɗi ta ƙi. Ya murɗa har kanta ya fara cinyewa. In ya ida cinyewa, sai an jira kayan aiki daga Yamai, kwana huɗu. Fara kuwa ba ta jiran kowa, kuma gonar Bawa na kan hanyarta.

Aka kira Bawa. Sai ga shi da kaskon garwashi yana fifita.

"Innalillahi! Baba, gasa mu za ka yi?" in ji Sirajo. "Fukafukan nan cike suke da man isansi!"

"To ɗana, shekara talatin haka nake yi."

"Amalanke ba ta shan isansi, Baba."

Mutane sunka kwashe da dariya. Bawa ya kai kaskon can gindin gawo, ya dawo ya duƙa. Ya ɗiga ma kusar man da Sirajo ya ba shi, ya ce a tafi azahar.

"Baba, lokaci fa!"

"Ita ma bari ta jiƙa."

Da aka sallame, ya kwaɓa lallausan rairayi da giris, ya shafa a bakin abin murɗawa don kar ya zame. Ya ƙwanƙwasa a hankali, kamar mai sallama gidan surukai. Ya yi bisimilla, ya ɗan ƙara ɗaure ta tukuna, sannan ya juyo baya. Sai ji aka yi ƙyas! Ta saki.

Kafin la'asar jirgi ya tashi. Rabin gonar Bawa ta riga ta tafi, amma rabin ya kai rumbu, alhamdulillahi.

Yau idonsa ya yi rauni. Yana nan zaune bakin rumfarsa a kasuwar Tasawa, da yatsa yake gane kusa. Garwashin kuwa, shayi yake dafawa da shi.