Injiniya Bashiru ya tafi, manhajarsa na aiki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan labari ya iske ni: Injiniya Bashiru na Bunguɗu ya rasu.

Ni, Shehin Malamin Surutu na Gusau da kewaye, wanda bai taɓa rasa ta cewa ba, yau na rasa.

Shi ne ya rubuta manhajar nan da ke aika wa masu ba da jini saƙo idan wani asibiti ya nema. Ya ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfuta da yake kira saba, a bayan shagonsa. Ba allo, ba mai gadi. Tana aikinta a ɓoye, in wuta ta dawo ta tashi da kanta.

Kyauta yake gyara mini waya, har ya haɗa da shayi.

Wata rana batirin da ke riƙe da kwamfutar ya yi ƙasa, na ba shi shawara irin ta manyan masana: a zare wayar wuta kawai. Ya dube ni da tausayi.

"Shehi, ba a yanke mata magana. Gaya mata akai ta tsaya. Sai ta bar karɓar sabo, ta ida wanda ke hannunta, sannan ta kwanta. In ka zare, saƙon wata mai naƙuda na iya mutuwa a hanya."

Ganina da shi na ƙarshe, a gidansa ne, ciwo ya ci jikinsa. Na tarar ya daina karɓar sabon aiki, yana koya wa abokiyar aikinsa Malama Rabi yadda ake tayar da manhajar da yadda ake kwantar da ita. Na ce, "Injiniya, in ba ka nan, wa zai kira mana jini?"

Ya yi dariya. "Abin da sai ina nan yaka aiki, ai ban gina shi ba."

Muna dawowa daga maƙabarta wayata ta yi ƙara. Manhajar ce: ana neman jini irin nawa a Tsafe.

Jama'a, duk Zamfara ta san matsayina game da allura. To, daga motar Tsafe nake wannan rubutu.

Allah Ya gafarta wa Bashiru, Ya sa aikin nan ya zame masa sadaka mai gudana. Ku sa shi a addu'a. Ku sa ni ma, mun kusa isa.