Murɗin Kawu Bahago

Ka taɓa naɗa waya a jikin fensir ka duba ta wane gefe ta hau?

Kawuna ma'aikacin ɗakin gwaji ne a jami'a, kowa Bahago yake kiransa. Rabin rayuwarsa ta tafi a wanke kwalabe. Da ritaya ta matso, ya ƙudurta zai bar wa ɗalibai abin da za su riƙe a hannu, domin kwamfuta ɗaya ce a ɗakin, su kuwa sun kai tamanin.

Malamar sashen ta nuna masa wata siffa da ke maimaituwa a cikin furotin iri-iri: murɗi, 'yar lanƙwasa, sai wani murɗin. Da ita furotin ke kama ƙwayar gado. Ta ce hanya ɗaya ta gano ta ita ce kwamfuta ta auna tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin furotin ɗin, ta gwada da samfuri.

Kawu ya sayo wayar tagulla da duwatsun ado, kowane dutse gaɓa guda. Yatsunsa sun kumbura da sanyin ƙashi, amma ya lanƙwasa irin siffar har guda arba'in. Ni na ƙirga. Kowace tazara ya sa mata rula, babu wadda ta kauce.

Malama ta ɗauki ɗaya, ta duba murɗin.

"Baba, da wane hannu kuka naɗa?"

"Da wanda Allah ya ba ni mana."

"Ai na furotin dama yake hawa. Waɗannan hagu suka yi."

Kawu ya kifa shi. Hagu. Ya juya shi ta baya. Hagu dai.

"To rular fa?"

"Rula ba ta raba abu da hotonsa na madubi. Kwamfutar ma, in tazara kaɗai ta duba, cewa za ta yi daidai ne."

Ya zauna a kan benci yana murza yatsu. "Tun ina yaro ake bugun hannun nan a bakin kwano. Ashe har furotin bai yafe mini ba."

Ya warware su, ya koma naɗi da dama kamar mai koyon rubutu. Ranar da ya miƙa makulli, tara ya gama. Malama ta hana a warware na hagu guda ɗaya, da shi take fara darasi.

Nemi waya da fensir, ka naɗa, ka kifa shi, ka gani ko zai sauya hannu.